Shayin Dakta Khaula

Ranar da aka dawo da gawar Ummi daga asibiti a Gaya, tun ba a gama haƙa kabari ba mutanen Balan, garin mijinta, suka gama yanke hukunci. Likita ya ce hantarta ce ta lalace, kuma ba ciwo ne ya zo da kansa ba, wani abu ta daɗe tana sha. Maganar ta riga motar isowa gari. To wa ke ba Ummi abin sha tun da ta haihu? Iya Hure ungozoma. Ita ta karɓi haihuwar, ita ta yi mata wankan jego, ita ke kawo mata jiƙe-jiƙen ƙara nono. Kafin la'asar an fara jifan ƙyauren tsohuwar, matan da ita ta yanke wa 'ya'yansu cibiya suna janye zane idan ta gifta.

Naja'atu, yayar Ummi, daga aji aka kira ta. Malamar kimiyya ce a wata makarantar 'yan mata, ta iso da alli a yatsunta. Da ita aka yi wa ƙanwarta wanka. Ta ga idon da ya koma ruwan ɗorawa, ta ga cikin da ya kumbura kamar na mai shirin sake haihuwa, alhali jaririyarta Zaituna ko zama ba ta fara ba. Naja'atu ba ta yi kuka ba. Ta zauna a tabarmar makoki, in an yi addu'a ta ce amin. Amma duk wadda ta durƙusa ta ce mata, "Ya muka ji da haƙuri?" sai ta kalle ta kawai, har mai tambayar ta tsargu ta matsa gaba.

Ba yau aka fara cewa tana da taurin kai ba. Mahaifinsu Ɗantani shi ne mai bin sawu na garinsu Gafasa, wanda ake aikowa nema idan an kore wa mutum shanu. Allah bai ba shi ɗa namiji ba, sai ya riƙa tafiya da babbar 'yarsa. A bayansa ta koyi gane saniyar da aka ja da wadda ta tafi da kanta. Aka ce ya ɓata yarinya. Ta tafi boko, aka ce ta ƙarasa lalacewa. Miji ya ce ta zaɓa, ko shi ko koyarwa, ta ɗauki jakarta ta dawo gida. Duk wannan ta shanye shi ba ta tanka wa kowa ba. Mutum ɗaya ce ke tare mata faɗa a gidan biki da bakin rijiya, ita ce kuma aka rufe da ƙasa.

Mai unguwa ya aiko cewa a kwantar da hankali, da an yi sadakar bakwai za a miƙa Hure ga hukuma.

"Idan ita ce, ba sai an wahalar da kowa ba," Naja'atu ta ce wa ɗan aiken. "Ni zan ja ta a ƙasa har Gaya. Amma sai na gani da idona."

*

Naja'atu ta sami Iya Hure a zaune cikin ɗaki, ta tokare ƙofa da turmi.

"Kin zo kashe ni ne, 'yar Ɗantani?"

"Ban yanke ba tukuna, Iya. Nuna min abin da kika ba ta."

Hure ta jawo wata ƙwarya da saiwoyi ke jiƙe a ciki. Ba ta yi bayani ba. Ta kafa kai ta sha, ta goge baki da bakin zane.

"Wannan na ba uwarku da ta haife ki, na ba ta da ta haifi Ummi. Ke ma nonon da ya kawo kika sha kika yi wannan bakin. Amma Ummi tun da ta yi arba'in ta daina karɓa. Ta ce nawa na ƙauye ne, ba a san abin da ke ciki ba. Ta samu na waya."

"Na waya kamar yaya?"

"Wani shayi a kwali, mai hoton mace da farar riga. Wai yana wanke dattin ciki, yana mayar da tumbi. Nonon ma sai ya ɗauke, har muka koma ba yarinya madara. Da na ga idonta ya canza na ce Ummi tashi mu je asibiti. Ta yi min dariya, ta ce likitarta ta ce dattin ne yake fita."

"Me ya hana ki faɗa wa mutane?"

"Na faɗa. Aka shiga ɗakinta aka duba, babu kwali babu dalilinsa. Sai na zama maƙaryaciya a kan mayya." Tsohuwar ta ɗago ido. "Ki tambayi mijinta. Shi ya fara ce mata buhun gyaɗa."

*

An yi yayyafi da safe, ƙasa ta yi laushi. Ƙofar gidan Abdulmumin, mijin Ummi, ta sha tattaki, ba abin da za a karanta a wurin. Naja'atu ta zagaya baya. Nan babu mai zuwa sai awaki, amma ga sawun namiji ya fita daga ƙaramar ƙofa, takalmin roba, na hagu an yi masa faci a dunduniya. Ruwa ya ɗan cinye gefensa, alamar ya kwana biyu. Sawun ya tafi da sauri, taku mai faɗi, ya dawo a hankali. Ta bi shi har gindin wata ƙirya a gefen gonar gyaɗa. An tona wurin an mayar, an kuma tattaka da wannan takalmin.

Da icce ta tone. Kwali ne kore a cikin baƙar leda. A jikinsa ga mace da farar riga da tabarau tana murmushi, a ƙasa an rubuta Shayin Wanke Ciki na Dakta Khaula. A ciki akwai ƙananan ledoji na garin ganye, kusan rabi an shanye.

Abdulmumin na zaure shi kaɗai. Ta ajiye masa kwalin a kan cinya, ƙasa na zuba a fararen kayansa. Ta kalli takalminsa da ke bakin tabarma, shi ma ya kalla.

"Yaya, wallahi ba abin da kike zato ba ne."

"Ban fara zato ba. Kai nake saurare."

"Wasa nake mata. Kowane miji yana yi wa matarsa wasa. Ta kawo min waya ta nuna min, ta ce ta bincika, duk ganye ne, babu sinadari. Ta karanta min zogale, citta, filasko, har da abin da Turawa suka rubuta a kansu. Ni me na sani? Ita ce ta yi sakandare. Na ce ta saya." Ya sunkuyar da kai. "Da likita ya ce abin sha ne, sai na ga idan aka ga kwalin nan ni za a ce."

"Sai ka binne, ka zauna kana jin ana jifan tsohuwa."

Ya shiga kakkaɓe ƙasar da ta zuba a kayansa.

"Ba kai ka haɗa ba, wannan na sani. Ko kunu ba ka iya damawa. Amma kada ka ɗauka na gama da kai. Ba ni wayarta."

*

A Gafasa ta zauna da wayar, a inuwar rumbu, mahaifinta Ɗantani, da suke kira Baffa, na kishingiɗe kusa. Idonsa ya tafi tun bara, sai kunne.

A wayar akwai guruf na hira mai mata da yawa, Dakta Khaula ce kaɗai ke da ikon saka talla. Ba ta taɓa magana da murya ba, rubutu take yi, sai bidiyon wasu mata da ba a san garinsu ba suna nuna cikinsu kafin da bayan sha. An ce a Masar ta yi karatu, ofishinta na Kano. Naja'atu ta buɗe hirar Ummi da ita. Ummi ta rubuta cewa tana amai. Aka ce mata alama ce mai kyau. Ta turo hoton idonta. Aka ce, "Alhamdulillah, dattin shekaru ne yake fita, ki ƙara cokali ɗaya." Ta ce cikinta yana kumbura maimakon ya sauka. Aka ce kada ta je asibiti, za su ba ta ƙwayoyin da za su mayar da dattin ciki.

Naja'atu ta kifa wayar a cinya, sannan ta sake ɗauka.

Ta kira lambar, a kashe. Amma a guruf ɗin, da safiyar ranar, an saka sabon talla.

Sai ta yi abin da Ummi ta yi. Ta ɗauki sunayen da ke bayan kwalin ta bincika ɗaya bayan ɗaya. Shafuka suka yi ta zuwa, wannan ya ce yana gyara hanta, wancan ya ce babu hujja, wani ya ce a sha kaɗan. Kowanne a ƙarshe ya ce a tuntuɓi likita. Babu wanda ya ce yana kisa. Ummi ba ta yi wauta ba, ta tambaya an kuma ba ta amsa. Sai dai wayar abin da aka rubuta a kwali ta sani. Abin da aka zuba a leda ba ta taɓa gani ba.

Ta tashi ta ɗauko rariya da faranti. Ta yage leda ɗaya ta tankaɗe. Garin ya wuce, tsaki ya tsaya. A cikin tsakin ga ɓarɓashin kwanso, ga wasu 'ya'ya masu sheƙi, lanƙwasassu kamar ƙaramar ƙoda, waɗanda turmi ya tsallake. Ta san su. Tana yarinya takan karyo busasshen kwansonsu ta riƙa kaɗawa kamar caki, Baffa na daka mata tsawa ta kore maruƙa daga wurin.

"Baffa, biya-rana ce a ciki."

Tsohon ya tashi zaune. "Wadda ke bakin fadama? Wa zai ba mutum wannan?"

"Likitar Masar, mai ofis a Kano."

"A Kano kan kwalta take tsirowa yanzu?" Sannan ya ce, "Kin tuna shanun da aka kore daga Balan, muka bi su har bakin titi, kowa ya ce an loda su a mota an yi birni?"

"Na tuna. A bayan garin muka same su."

Ya koma ya kishingiɗa.

*

Wadda ta saka Ummi a guruf ɗin aminiyarta ce, Afra'u, mai sayar da yaji da garin kunu a Ajingi. Tun ranar rasuwar take zuwa Balan kullum, ita ke goya Zaituna, kukanta ya fi na kowa. Naja'atu ta ja ta gefe.

"Ni na saka ta, Yaya Naja, ba zan ɓoye miki ba," ta ce tana share hawaye. "Ni ma wata ce ta saka ni. Duk an cuce mu. Ni ma ina sha, Allah ne ya tsare."

"Kin taɓa ganin likitar?"

"Wa ya isa? Saƙo ake aikowa daga Kano, Ɗanladi mai babur ya karɓo a tashar Gaya ya rarraba."

Ɗanladi na ƙarƙashin darbejiya a tasha yana cin rake. Da ya ga kwalin sai ya ajiye raken.

"Malama, ni ɗan aike ne. In an ba ni kaza in kai, in an ba ni katifa in kai. Ban taɓa buɗewa ba."

"Wa ke ba ka?"

"Yaran mota. Motar Kano ce ke sauke min, duk ranar kasuwar Ajingi da yamma."

"A ina take tsayawa?"

Ya nuna tsallaken titi, gaban mai faci.

"Kullum a can?"

"Kullum. Har sai na tsallaka."

Naja'atu ta tsaya ta kalli titin. Motocin da suka fito daga Kano a wannan hannun suke sauke fasinja, nan inda suke tsaye. Can tsallake masu tafiya ne ke ɗiba.

"Ɗanladi, idan ta ba ka saƙon, ina take nufa?"

"Kano mana." Ya kalli tsallaken titin. "Kano take zuwa."

"Daga ina?"

"Daga Ajingi." Ya sosa ƙeya. "Shekara guda ina cewa saƙon Kano. Ni dai ce min aka yi motar Kano ce, ban taɓa tambayar gabanta ina ya kalla ba."

Suka jira har direban ya zo. Ya ce mace ce ke kawo kwali ranar kasuwa, cikin dogon hijabi da niƙabi, ba ta magana sai da hannu. Ranar kasuwa kuwa irinta sun fi a ƙirga. Nan sawun ya tsaya.

*

Ana gobe sadakar bakwai, mata suka ce a fara haɗa kayan ɗakin Ummi. Naja'atu ta ce ita za ta yi, ita kaɗai. Ta sauke kwanuka, ta naɗe zannuwa, ƙamshin turaren ƙanwarta na tashi daga kowane ninki. Ajingi gari ne guda. Ta san likitar na cikinsa, tana cin tuwo tana barci, gobe kuma za a tafi da Iya Hure a madadinta.

A cikin wata kula ta tarar da ragowar yajin jego, irin wanda ake kawo wa mai haihuwa ranar suna. An ƙulla shi a ƙananan ledoji, an liƙe bakinsu yadda mata masu sana'a ke yi: a naɗe bakin leda a kan haƙoran guntun zarto, a gifta a harshen kyandir. Wuta ta narka ledar, zarton ya bar layin haƙoransa a jiki.

Za ta mayar ke nan babban yatsanta ya bi ta kan layin. Haƙora a jere, sai giɓi, sai haƙori ɗaya a karkace, sai kuma suka ci gaba. Yatsan ya san wannan. Ya taɓa shi a inuwar rumbu, lokacin da take yage leda.

Ta ɗauko ledar shayin daga jakarta, ta fita tsakar gida, ta ɗaga su biyun a hasken rana. Giɓin ɗaya, karkacewar ɗaya. Ta duba wata, ta duba wata. Kwalin an buga shi a birni da inji, hoton an samo shi a waya, lambar an saye ta don a ɓoye. Amma hannu ya liƙe leda da abin da ya saba.

Ta leƙa ɗakin da mata ke zaune. "Wa ya kawo wa Ummi yajin jego? Yana da daɗi."

"Sai ka ce ba ki san hannun Afra'u ba," wata ta ce.

Afra'u na jijjiga Zaituna a kafaɗa. Naja'atu ta yi mata murmushi, na farko tun rasuwar.

"Ƙawar Ummi, gobe ina so a raba gumbar sadaka a leda, kada ƙuda ya taɓa. Ki zo da kayan aikinki ki taya ni."

*

Da hantsi aka gama addu'a. Naja'atu ta aika a roƙi mai unguwa ya shigo daga ciki kafin a tafi da kowa. Aka shimfiɗa masa tabarma a tsakar gida. Aka kawo Iya Hure, ta zauna can nesa ita kaɗai. Abdulmumin na tsaye jikin bango, Ɗanladi na bakin zaure da hularsa a hannu. Mata sun cika rumfa. A gefe Afra'u na zaune gaban kyandir, tana liƙe ledojin gumba da sauri irin na gwanaye, sun taru a tire.

Naja'atu ta fito da buta mai tururi da kofi ɗaya.

"Ranka ya daɗe, wannan shi ne abin da Ummi ta sha, ba jiƙon Iya ba. Mijinta ya binne kwalin a gindin ƙirya, ga shi nan a tambaye shi."

Ido ya koma kan Abdulmumin. Ya gyaɗa kai, bai ɗago ba.

"Ɗanladi ya kawo, bai san mene ne ba. Daga Ajingi yake fitowa, ba daga Kano ba." Ta tsiyaya a kofi, ta taka har gaban kyandir. "Afra'u, kin ce ke ma kina sha. Ga shi da zafinsa."

Afra'u ta yi dariyar da ba ta kai ido ba. "Yaya Naja, bayan abin da ya faru?"

"Me ya faru? Likitarku ta ce datti ne ke fita. Jiya ma ta saka talla. Sha."

"Ina shayarwa."

"Ummi ma tana shayarwa."

Naja'atu ta ajiye kofin a gabanta, ta ɗauki ledar gumba ɗaya daga tire. Ta je gaban mai unguwa ta durƙusa, ta jera uku a tabarmarsa: gumbar da aka liƙe yanzu a gaban kowa, yajin jegon ranar suna, da shayin Dakta Khaula.

"Ranka ya daɗe, shafa bakin kowacce."

Ya shafa. Ya sake shafawa, ya kai su kusa da ido. Sannan ya miƙa hannu wajen Afra'u. "Kawo ƙarfen nan, yarinya."

Ba ta motsa ba. Wata mata ta zare shi daga hannunta ta kai. Guntun zarto ne da ya yi baƙi da hayaƙi, haƙora biyu sun fita, na kusa da su ya karkace. Mai unguwa ya ɗora shi a bakin ledar shayin, ya zauna daram.

Afra'u ta zame daga kujerar tsuguno.

"Ban yi nufin komai ba. Wallahi ban yi ba. Wa zai sayi magani a hannun Afra'u mai yaji? Shi ya sa na sa sunan. Haɗin a waya na gani, mata a ƙasashen waje suna yi. Filasko ya yi wuya, na ga wata ciyawa a fadama mai fure irin na hoton. Na ɗauke ta a hoto na tambayi waya, ta ce danginsu ɗaya."

"Ta sansana? Ta ɗanɗana?" Naja'atu ta tambaya. "Kowane makiyayi a kasuwar Ajingi zai gaya miki abin da take yi wa dabba. Kin wuce su kin tambayi hoto."

"Maganar dattin ma can na karanta. An ce haka yake yi. Na ɗauka gaskiya ne."

"Wannan ki gaya wa wadda ba ta san kina zuwa gidan nan ba. Kin zauna a bakin gadonta a matsayin ƙawa, kin ga idon da idonki. Kika koma gida kika zama likita, kika rubuta mata ta ƙara cokali. Da ta mutu kika goya 'yarta, kina jin ana jifan Iya, kina saka talla."

Mai unguwa ya yi gyaran murya. "Malama, abin ya yi muni. Amma kin ji ba da gangan ba ne, kuma kwana ya ƙare. Iyayenta mutanen kirki ne. Da za a zauna a yi maganar a cikin gida, a nemi yafiya."

"Ranka ya daɗe, da Iya Hure ce, yau da rana za a kai ta. Ba a ce a zauna ba. Motar da aka tanadar mata tana nan, kada ta koma babu kowa." Ta juya ga matan rumfa. "Wanda yake da hakkin yafewa ya yafe nasa. Ni nawa ina riƙe da shi."

Ta ciro wayar Ummi daga jaka ta buɗe guruf ɗin.

"Kafin ki tafi, akwai mata a nan da ke shan abin nan da safe. Ba za su yarda da ni ba, likitarsu suke ji. Ɗauko ɗaya wayar."

Tana cikin jakar kayan aiki, ƙarƙashin ledoji. Naja'atu ta kunna ta, ta saita kyamara a fuskar Afra'u.

"Cire hannu daga fuska. Faɗi sunanki da na ubanki da unguwarku. Faɗi sana'arki. Faɗi abin da kika daka. Ki ce duk wadda ta sha ta tafi asibiti yau, da ledar a hannunta. Sannan ki faɗi sunan Ummi."

Afra'u ta faɗa, murya na karyewa. A sunan Ummi ta sarƙe, Naja'atu ta sa ta maimaita har ya fito sarai. Ta tura. Wayar Ummi ta yi ƙara a ɗaya hannunta, saƙon ya shigo. A cikin rumfa ma wayoyi biyu suka yi ƙara, matan da ke riƙe da su suka kalli juna, ɗaya ta miƙe tana neman mayafi.

Aka fita da Afra'u ta zaure, mai unguwa a gaba, ƙarfen da ledojin a aljihunsa. Abdulmumin ya matso zai yi magana.

"Kai kuma," Naja'atu ta ce, "za ka je ƙofar Iya da rana tsaka ka kwashe duwatsun da aka jefa, ɗaya bayan ɗaya, mutane na kallo. Zaituna tana wurina har ta yi wayo. In ta tambaye ni yadda uwarta ta rasu, ba zan rage komai ba, har gindin ƙirya."

Ta ɗauki butar ta kai bayan gida ta juye a rami, ta tura ƙasa da ƙafa. Da ta dawo mata sun fara zamewa, kowace na kauce wa idon tsohuwar da ke zaune. Iya Hure ta miƙe da kyar, ta ɗauko Zaituna daga tabarma inda aka bar ta tana wutsil-wutsil, ta ɗora wa Naja'atu a baya, ta taya ta ɗaure zane. Ta daɗe tana gyara kan yarinyar. Sannan ta zagayo gabanta.

"'Yar Ɗantani, ya muka ji da haƙuri?"

Naja'atu ta ji ɗumin yarinyar a bayanta. Ta kalli ƙofar ɗakin Ummi, an cire labule, babu komai a ciki sai gado.

"Yanzu zan fara, Iya," ta ce.

Sai a lokacin hawayen suka zo.